Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Jihar Maradi: A Duba 'Yan Wasa Tun Ba A Busa Usur Ba

Zuwa ga Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Maradi, da shugaban kwamitin alƙalan wasa, da masu shirya gasannin unguwanni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu wannan takarda tsofaffin alƙalan wasa ne da masu horar da matasa a nan Maradi. Ranka ya daɗe, buƙatarmu guda ce: a wajabta binciken kayan 'yan wasa kafin kowane wasa, a yi wa ɓangarorin biyu iri ɗaya, kuma hukuma ta tsaya bayan alƙalin da ya yi shi. Muna nufin ko'ina, tun daga babban filin birni inda ƙungiyoyin Dan Kasawa da Jangorzo suka saba karɓar baƙi, har filayen gasar hutun damina na Zariya da Bagalam da Sabon Gari, da na Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji da Tasawa.

Dokar ba baƙuwa ba ce. Ita ce Doka ta 4 a littafin IFAB, hukumar da ke rubuta dokokin ƙwallo tun 1886, kuma da shi FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, ke aiki kamar kowace ƙasa da ke cikin FIFA. Bugun kakar 2024/25 ya lissafa abin da dole ɗan wasa ya sa: riga mai hannu, gajeren wando, safa, makarin ƙwauri da takalmi, kyaftin kuma ya ɗaura ƙyallensa a damtse. Ya haramta sarƙa, zobe, munduwa, 'yan kunne, da abin da ake ɗaurawa na fata ko na roba. Ya ce a duba 'yan wasa kafin a fara, a duba 'yan canji kafin su shiga. Abin da ke damun mu shi ne yadda aiki da dokar ya juya baibai a filayenmu. Alƙali zai tsaya yana jayayya a kan launin singiletin da ke leƙowa daga hannun riga, mai zoben azurfa kuwa ya wuce ta gabansa. Launi ana hango shi daga nesa, shi ya sa ake kama shi. Abin da ke raunata mutum sai an matso kusa, an ce a buɗe hannu, a ɗaga ƙafa.

Mu fara da zobe, don shi ya fi kowane ɓarna kuma shi aka fi rainawa. Ƙarfe ba ya tsinkewa, fatar yatsa kuwa ba ta da ƙarfin riƙe nauyin mutum. Idan zobe ya maƙale a wani abu alhali jiki na tafiya, sai ya saɓule fata da jijiyoyin jini daga tushen yatsa zuwa kansa, wani lokaci har da gaɓar. Irin wannan rauni da wuya ya ɗinku, sau da yawa yankewa ake yi. A watan Disamba na 2004, Paulo Diogo na ƙungiyar Servette ta Suwizalan ya haye shingen waya yana murnar cin ƙwallo a wasansu da Schaffhausen, zoben aurensa ya maƙale, da ya diro sai yatsan ya tafi. Likitoci ba su iya mayar da shi ba. To a duba filayenmu. Sandunan raga bututun ƙarfe ne na walda, an liƙa musu ƙugiyoyi ko an ɗaure ragar da waya. Mai tsaron gida kan yi tsalle ya rataya a sandar sama don ya gyara raga. Ɗan baya kan cusa hannu cikin rigar abokin karawa a bugun kusurwa. Kowanne daga cikinsu ya isa.

Akwai haɗari na biyu da ba a cika lura da shi ba. Ƙwallo ta daki kan yatsa, gaɓa ta kumbura cikin 'yan mintoci, zoben da ke fita da sauƙi ɗazu ya zama ya shaƙe yatsan, jini ya daina komawa. Nan sai an nemo mai yanka ƙarfe. Saboda haka mai tsaron gida ya cire safar hannu a wurin bincike, a ga yatsunsa goma.

Wanda ya ce zobensa ba ya fita, yawanci gaskiya yake faɗa, amma yawanci akwai dabara. A ɗaga hannun sama da kai na minti biyu, a tsoma shi a ruwan sanyi, a shafa sabulu, a riƙa murza zoben ana ja a hankali. Idan ya ƙi, a samu zare mai ƙwari kamar kamu biyu, a zura kansa ta ƙarƙashin zoben ya fito ta wajen tafin hannu, a naɗe sauran a yatsa, naɗi kusa da naɗi, har ya haye gaɓar tsakiya. Sai a kama guntun kan da aka zura a riƙa warwarewa, zoben zai riƙa hawa kan zaren har ya wuce gaɓar. Kada naɗin ya daɗe, kuma idan yatsa ya canza launi a kwance nan take. Wannan aikin mai kula da ƙungiya ne, kuma a sansani ya kamata a yi shi tun jajibiri, ba a bakin layi ana jiran usur ba. Naɗe zobe da filasta bai warware komai ba. Bugun da muka ambata ya hana shi ƙarara, kuma dalilin a fili yake: filasta tana ɓoye ƙarfen ne daga ido, ƙugiya kuwa tana samun sa.

Sarƙa da 'yan kunne ba sai mun tsawaita ba. Sarƙa tana yanka wuya idan aka fizge ta, ɗan kunne yana tsaga leɓatun kunne, tsinkensa na baya kuma yana huda fatar bayan kunne idan aka yi karo wajen sa kai. Har manya kan yi sakaci: Jules Koundé na Faransa ya buga kusan rabin farko na wasansu da Polan a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar da sarƙar zinariya a wuya kafin a sa ya cire.

Inda alƙalanmu suka fi shiga tsaka mai wuya shi ne laya da guru da kambu, kuma nan muke roƙon hukuma ta yi magana da bakinta. Maradi garin kokowa ne. Yaron da ya tashi yana kallon 'yan kokowa na shiga filin Kantu da layu a ƙirji da kambuna a damtse, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka haka ake shiga kowane fili. Sai dai kokowa da dokarta, ƙwallo da tata. Kambu fata ce da ake ɗaurawa a hannu, ta faɗa cikin abin da doka ta ambata da suna. Laya da baduku ya ɗinke ta bushe tana da kusurwa masu tauri, igiyarta kuwa an murɗa ta ne musamman don kada ta tsinke, ga ta a wuya. Guru kan zo da ƙarfe a bakinsa, kuma mai shi ne zai fara jin sa idan ya faɗi a kai.

Yadda ake faɗa shi ke raba lafiya da rigima. Alƙali ba malami ba ne a wannan wuri, kuma ba mai wa'azi ba. Kada kalmar tsafi ko asiri ko shirka ta fita daga bakinsa, kada ya yi dariya, kada ya nuna wa 'yan kallo. Kada kuma ya kai hannu ya taɓa, balle ya tsinke, domin ranar da ƙungiyar ta sha kashi za a ce shi ya karya musu abu, kuma wannan magana za ta bi shi har gida. Ya ja yaron gefe tare da kyaftin ya ce, "Ɗana, duk abin da ke wuya ko hannu ba a shiga da shi, ko na zinariya ne. Ba mai horar da kai ya riƙe maka, in an tashi ka karɓa." Idan yaron ya ce, "Baba, tun ina goye aka ɗaura mini, an ce kada in cire," amsar ita ce, "Ban ce ka jefar ba, ban kuma tambaye ka abin da ke ciki ba. Zaɓi naka ne, amma da shi a wuya ba ka shiga." Shi ke nan. Kowace ƙungiya ta zo da jaka guda mai zif da mutum guda da ke riƙe ta.

Alƙali ba ya tuɓe kowa. Yana duba wuya da wuyan hannu da damtse da yatsu da kunnuwa da idon ƙafa, ya ce a shafa kugu ta saman riga, ya tambaya ko akwai wani abu. Wanda ya ɓoye aka gano daga baya, doka ta tanadi matakinsa.

Sai takalmi. Yawancin na yaranmu gwanjo ne, ba laifi ba ne, amma shi ya sa dubawa ta zama dole. Ɗan wasa ya juya baya ya ɗaga ƙafa, alƙali ya bi haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Haƙorin roba da jar ƙasa ta cinye gefensa yakan yi kaifi. Mai ɗaurin kusa, wanda ake murɗawa, idan kansa ya cinye sai ƙarfen ciki ya fito tsirara. Idan ɗaya ya ɓace aka cike gurbin da noti, ko tafin ya ɓare mai gyara ya kama shi da ƙusa ko waya, wannan takalmi ba ya shiga. Dogayen haƙoran ƙarfe an yi su ne don ciyawa mai laushi. A busasshen filin rani ba sa nutsewa, mai su ne ke gurɗewa, wanda aka taka kuma ya tsage. A sanar da iyaye cewa doka takalmi kawai ta ce, ba ta ce mai haƙora ba. Kambas mai lafiya ya halatta, kuma a filayenmu na ƙasa ya fi rubabben takalmin ƙwallo aminci. Ƙafa tsirara ce ba a fara wasan gasa da ita.

Makarin ƙwauri ya zama wajibi tun 1990. Ƙashin ƙwauri ba shi da tsokar da ta rufe shi ta gaba, fata ce kawai, shi ya sa tsagar wurin ke daɗewa ba ta warke ba. Abin da muke gani a cikin safa iri uku ne: kwali, soson silifa, da ɗan mitsitsin makarin da bai kai tafin hannu ba, wanda samari ke kwaikwayo daga talabijin. Kwali yana shan zufa ya zama ɗanye tun kafin a je hutu. Soso yana rage zafi amma ba ya baza ƙarfin duka, domin wannan aikin ɓawon roba mai tauri ne na waje. Gyaran 2024/25 ya ɗora alhakin girma da dacewar makari a kan ɗan wasa, sai wasu alƙalai suka ɗauka an sauke musu nauyin duka. Ba haka ba ne. Har yanzu sai akwai shi, sai ya kasance na abin da ke bayar da kariya, sai safa ta rufe shi. A ƙwanƙwasa da yatsa, kunne zai faɗa maka ko kwali ne. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 17 kuwa, a ganinmu masu horarwa ne ya kamata su ɗauki alhakin, a auna makarin ya rufe daga yatsu biyu ƙasa da gwiwa zuwa yatsu biyu sama da idon ƙafa.

Maganar launi gajeriya ce. Ƙungiyoyin biyu su bambanta da juna da kuma alƙalai, masu tsaron gida su bambanta da kowa. Idan rigunan masu tsaron gidan biyu suka zo iri ɗaya kuma babu canji, a yi wasa. Rigar ciki ta bi launin hannun riga, dogon wandon ciki ya bi launin gajeren wando, filastar da aka naɗa a safa ta bi launin safar. Abin da ke jawo matsala shi ne kowa na sayen rigunan kulob-kulob ɗin Turai iri ɗaya a kasuwa, kuma shuɗi mai duhu da baƙi abu ɗaya ne da yamma idan hazo ya sauka. Wa zai canza? Doka ta 4 ba ta faɗa ba, ƙa'idar gasa ce ke faɗa, haka ma lambar baya. Idan masu shirya gasa ba su rubuta ba, sun bar alƙali da gardamar da ba tasa ba. Riga marar hannu dai ba ta wucewa, ko Kamaru da ta ci kofin Afirka da ita a Mali a 2002 sai da ta ƙara baƙaƙen hannuwa kafin ta je gasar duniya a shekarar.

Rigunan kyauta ma a duba su. Doka ta hana rubutu ko hoto na siyasa, na addini ko na ƙashin kai a kayan wasa da rigar ciki, ciki har da hoton wani mutum, sai dai in sunansa na cikin sunan gasar. Hukuncin wannan yana hannun masu gasa, aikin alƙali ya rubuta a rahoto. Katin da ake bayarwa wajen murna na tuɓe riga ne ko rufe kai da ita.

Ga 'yan mata, dokar ta fi yadda mutane ke zato sauƙi, kuma rashin sanin hakan na hana wasu iyaye barin 'ya'yansu. Tun 2014 IFAB ta halatta rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta mata ta 2023 da hijabi. Sharuɗɗan su ne: ya zama baƙi ko launin riga, 'yan ƙungiya su sa iri ɗaya, kada a haɗe shi da riga, kada ya kasance da abin da ya turo waje ko maɗaurin da zai shaƙe wuya. Wato ba allura, ba fil, ba dogon gyale mai lilo, sai irin mai roba da ake zurawa. Dogon wandon ciki har idon ƙafa da rigar ciki mai dogon hannu duk sun halatta idan launi ya dace. Mace ce za ta duba mata, a keɓe, ta lura da 'yan kunne da ke ƙarƙashin hijabi da ƙarafan kitso.

Idan an riga an fara wasa sannan aka hango abu, nan ma kurakurai huɗu ke maimaituwa. Wani alƙali kan zaro katin gargaɗi nan take, alhali matakin farko umarni ne: cire. Idan ɗan wasa ya kasa ko ya ƙi, ya fita a tsayawar wasa ta gaba. Kati na wanda ya bijire ne ko wanda ya mayar da abin bayan ya cire. Wani kan tsayar da hari mai kyau saboda safa ta zame, alhali ba a bukatar tsayar da wasa. Wani kan bar ɗan wasa tsaye a bakin layi har ƙwallo ta fita, alhali da zarar mataimaki ya duba shi, alƙali na iya yi masa izinin komawa ana cikin wasa. Wanda ya koma ba izini shi ne mai kati. Na huɗu shi ya fi tayar da filin: soke ƙwallon da aka ci bayan takalmi ya fice. Idan takalmi ko makari ya fita bisa tsautsayi, ɗan wasa na da dama har ƙwallo ta fita daga wasa, kuma in ya ci kafin nan ta ciwu. A ƙara da cewa bayan hutun rabin lokaci ne aka fi mayar da zobe da laya, don haka mataimaka su sake kallon wuya da hannu a bakin layi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Doka ta 5 ta hana alƙalai da mataimakansu kayan ado, agogo kawai aka bar musu. Mai zobe biyu a hannu ba shi da bakin cewa yaro ya cire nasa.

Dalilin da ya sa alƙalai ke kawar da kai ba jahilci ba ne kaɗai. Wanda ya tsananta yau, gobe wani ya sassauta, sai na farko ya zama mugu, a ce ƙungiya kaza yake wa aiki. A filin da ba shinge, 'yan kallo na tsaye kan layi, ba mai son wannan suna. Idan kuwa kowa ya san bincike na nan kowane wasa kamar yadda jefa kwabo yake nan, gardamar ta mutu. Saboda haka muke roƙon hukuma ta fitar da takarda shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, a farkon kowace kaka, ta faɗi bugun da ake aiki da shi, tunda IFAB na sabunta littafin kowace shekara kuma sabon kan fara aiki ranar 1 ga Yuli. A karanta ta a taron jefa ƙuri'ar gasa, kowane mai ƙungiya ya sa hannu, ya kuma rubuta launin rigarsa ta farko da ta biyu. A karanta ta a gidajen rediyon gari don iyaye su ji.

A tsayar da lokaci kuma: minti 45 kafin wasa a kawo wa alƙali riga da wando da safa na kowane ɓangare da na masu tsaron gida, minti 15 kafin wasa a jera 'yan wasa da 'yan canji, a haɗa duba lasisi da duba jiki, daga kai zuwa tafin takalmi, kyaftin ɗin ɗaya ɓangaren na tsaye yana gani. Mutum ɗaya bai wuce daƙiƙa 20 ba, alƙalai uku za su gama da ƙungiyoyin biyu cikin minti biyar. A ƙara layi ɗaya a takardar wasa inda alƙali zai rubuta cewa an yi bincike da abin da aka cire, kuma wanda bai cike layin ba kwamiti ya tambaye shi. Daga kuɗin rajistar gasa a ware na makarin ƙwauri kamar guda 10 a ajiye a teburin kowane fili, a ara wa wanda ba shi da shi a karɓa bayan wasa, don kada talauci ya zaunar da yaro a benci. Ƙungiyar da ta ƙi bincike ko ta tayar wa alƙali saboda shi, a rubuta hukuncinta a ƙa'idar gasa tun kafin wasan farko. Muna kuma neman a ware rabin yini a taron sabunta horon alƙalai na bana, a kawo zobe da zare da tsofaffin takalma, kowa ya gwada da hannunsa, kuma a shirye muke mu zo mu taya.

Allah ya taimaki Shugaba. Wassalam.

Wasu tsofaffin alƙalan wasa da masu horar da matasa,
Maradi.